Littafin Aikin Sabunta Tsohon Rukunin Shagunan Titin Bauchi, Gombe

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Yau masu wurin suka damƙa mini mabuɗan rukunin shagunan, tare da umarnin in riƙa rubuta yadda aiki ke tafiya, domin masu hannun jari da 'yan haya da maƙwabta su riƙa sanin inda aka kwana. Ni ne mai tsara birane a cikin ayarin, kuma ni aka ɗora wa kula da filin har zuwa ranar da ɗan kwangila zai karɓa. Wurin yana gefen titin Bauchi ne, a yammacin Gombe, ɓangaren da gari ya yi ta miƙewa tun bayan ƙirƙiro jihar a ranar 1 ga Oktoba, 1996. Bene ne mai fuska uku, an ja shi can baya nesa da kwalta, an shimfiɗa masa makeken filin ajiye motoci a gaba, sannan aka kewaye komai da katanga mai ƙofa ɗaya. Daga cikin shaguna 96, guda 23 kaɗai na tarar a buɗe, sauran kuwa ƙura da yanar gizo-gizo sun rufe gilasansu, kuma akuyoyin unguwa ne ke kiwo a kan ciyawar da ta tsaga daɓen filin motocin.

Da na fito bakin ƙofa sai na tarar da kasuwar da masu ginin suka yi shekaru suna jira tana ci a jikin katangarsu ta waje. Akwai mai shayi da bencinansa biyu, da mai faci, da mai sayar da katin waya, da mata masu tuyar ƙosai da awara, ga 'yan Napep sun yi layi, ga ƙananan motocin haya masu zuwa Bauchi suna tsayawa a kan kafaɗar titi suna cika gurbin da ya rage musu daga tasha. Ƙudurin masu wurin shi ne a mayar da shi cibiyar unguwa mai tasha da shaguna da ofisoshi da gidajen haya a wuri guda. Ni dai a ganina rabin wannan cibiya ta riga ta kafu da kanta, katangar ce kawai ta hana ta shiga.

Laraba, 5 ga Fabrairu, 2025

Mun kammala ƙidayar mako guda. Matasa shida muka ɗauka daga cikin unguwa, kowane da littafinsa da biro, suna canjin aiki daga ƙarfe shida na safe zuwa tara na dare, suna jan layi ɗaya ga duk mutumin da ya sauka ko ya hau abin hawa a gaban wurin, su ja wani ga duk motar gida da ta shiga ƙofa. Shafukan masu sauka da hawa sun cika har an ƙaro littattafai, shafin motocin gida kuwa bai taɓa cika ba ko da rana ɗaya. Wannan bai ba ni mamaki ba, domin tun da aka sanar da janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, ma'aikata da dama sun jingine motocinsu a gida sun koma hawan Napep, kuma da yawa daga cikinsu a nan suke sauya abin hawa kafin su gangara cikin gari.

Ranar Alhamis da yamma na tsaya tare da yaran. Wata mata ta sauka daga Napep a tsallaken titi, da goyo a bayanta da buhun garin masara a hannu, ta yi ta leƙen dama da hagu tana taka kwalta tana janye ƙafa, tireloli suna wucewa suna kaɗa mata mayafi, har sai da wani ɗan kamasho ya tsallaka ya ɗaga wa motoci hannu sannan ta samu ta haye. Na duba agogo, ta fi minti huɗu a tsaye. Na rubuta maganar tsallaken titi a saman jerin abubuwan da za a kai wa masu zane.

Alhamis, 20 ga Fabrairu, 2025

An yi zaman masu hannun jari, kuma babban cikinsu ya buƙaci in faɗa musu inda aka taɓa yin irin wannan aiki ya yi nasara. Na bayyana musu cewa shi kansa salon rufaffen rukunin shaguna mai kewayen filin motoci daga Amurka ya fito, inda aka buɗe Southdale a jihar Minnesota a 1956 bisa zanen Victor Gruen, mutumin da ya yi burin wurin ya zama tsakiyar gari mai gidaje da makarantu, amma aka gina shagunan kaɗai aka bar sauran a takarda. Da irin waɗannan gine-gine suka fara mutuwa, sai wasu garuruwa suka rushe su suka yanka tituna a cikin filayensu. Misalin da ya fi kusa da namu shi ne na Englewood, kusa da birnin Denver, inda aka rushe rukunin Cinderella City da aka buɗe a 1968, aka gina ofisoshin hukumar gari da ɗakin karatu da gidaje da shaguna a jikin tashar jirgin ƙasa na cikin gari da ta fara aiki a shekarar 2000. Peter Calthorpe, wanda ya yayata wannan tsari a farkon shekarun 1990, ya gina shi ne a kan ma'auni mai sauƙi, wato a tara gidaje da wuraren aiki a cikin tazarar da mutum zai iya takawa da ƙafa zuwa tasha, kimanin mita 400 zuwa 800, tafiyar minti biyar zuwa goma. Na kuma tuna musu da abin da ya faru a Kano, inda kantin Shoprite na rukunin Ado Bayero ya rufe a Janairun 2024, domin su ga haɗarin jingina babban gini a kan ɗan haya ɗaya tilo.

Alhaji, babban nasu, ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To Malam, mu ina namu jirgin?" Tambayar tana kan hanya, kuma ban yi masa kwana-kwana ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba mu da shi." Layin dogo ya iso Gombe tun 1963 a kan hanyarsa ta zuwa Maiduguri, amma tasharsa tana can cikin gari, kuma babu jirgin fasinja da ke zirga-zirga a kansa yanzu, saboda haka ba zan sa hoton jirgi a cikin takardun talla ba. Abin da muke da shi bas ne da ƙananan motoci da Napep, kuma wannan ba abin raini ba ne, tunda birnin Curitiba na Brazil da bas ya tsara unguwanninsa tun 1974, Legas ma da bas ta fara layinta na musamman daga Mile 12 zuwa CMS a watan Maris na 2008. Sun amince a ci gaba, da sharaɗin a yi aikin kashi uku, kada a taɓa kashi na biyu sai na farko ya fara kawo kuɗi.

Laraba, 12 ga Maris, 2025

Saboda azumi muna tashi daga fili da ƙarfe biyu. Injiniya ya kawo sakamakon gwajin kankare bayan ya huda ginshiƙai ya ciro samfuri ya kai ɗakin gwaji. Fuskar gabas da ta tsakiya lafiyarsu ƙalau, za su iya zama shaguna a ƙasa da ofisoshi a sama. Fuskar yamma kuwa rufinta ya daɗe yana yoyo, ruwa ya bi ta tsagogi ya ci rodi, har akwai inda ya sa yatsa ya ɓanɓaro kankare rodin ya fito jawur yana marmashewa. Za a rushe ta, kuma a gurbinta gidajen za su tashi. Ya gargaɗe mu cewa silin ɗin tsohon asbesto ne, don haka sai an jiƙa shi da ruwa an cire shi fale-fale ba tare da an farfasa ba, leburori na sanye da abin rufe hanci, domin ƙurarsa tana lahanta huhu.

Talata, 15 ga Afrilu, 2025

Wannan zama shi ne na fi jin tsoro, kuma shi ya fi kowane amfani. Mun haɗu da shugabannin direbobi da na 'yan Napep a ƙarƙashin dogon yaron da ke bakin ƙofa, na shimfiɗa taswira a kan benci na danne kusurwoyinta da duwatsu. A zanena na kai tashar can bayan gini, da tunanin cewa fasinja zai ratsa ta gaban shaguna kafin ya isa mota, masu shaguna su samu ciniki, titi kuma ya huta da cunkoso. Ciyaman na direbobi, dattijo ne da ya ce ya fara bin hanyar Bauchi tun yana yaron mota, ya daɗe yana kallon takardar bai ce uffan ba. Daga nan sai ya ture ta gefe cikin ladabi, ya tsuguna ya ciro mabuɗin motarsa ya fara zane a ƙasa. Ya ja titi, ya ja hanyar shiga daga ɓangaren gari da hanyar fita ta ɓangaren Bauchi, ya ce, "Yallaɓai, fasinja ba ya neman motar da bai gani ba. In ka ɓoye mu a baya, wanda ba ya cikin ƙungiya zai tsaya a bakin titi ya kwashe su, mu kuma yunwa ta fito da mu mu bi shi."

Ya ci gaba da jero abin da ke sa tasha ta rayu, ina rubutawa. Dole mota ta shiga ta ƙofa ɗaya ta fita ta wata ba tare da ta yi ribas ba. Dole motar da ke kan layi ta kasance a gaba inda ake hango ta daga kwalta, masu jiran layi kuma a ajiye su a gefe. Kada a cakuɗa Napep da motocin dogon zango, domin mai Napep minti biyu yake yi ya tafi, mai bas kuwa yana iya shafe awa yana lodi. A samar da inuwa da banɗaki da wurin alwala da masallaci, a kuma ware ɗan ofis ga Sarkin Tasha inda za a riƙa ajiye littafin layi da saƙonni. Shugaban 'yan Napep ya ƙara da cewa in har sai mai Napep ya biya kuɗi duk shigar da ya yi, to babu mai shiga, gara a yanka musu abin da za su biya sau ɗaya a yini.

Ni na yi shekaru ina karanta yadda ake tsara tasha, amma babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da na iya musantawa. Inda kawai na tsaya kai da fata shi ne maganar 'yan kamasho masu tare fasinja a tsakiyar hanya suna fizgar kaya, na ce wannan ba zai yiwu a cikin filin ba, Ciyaman ya ce a bar masa wannan. Na ɗauki hoton zanen ƙasar da waya kafin iska ta share shi, kuma shi na tura wa masu zane da dare. Tasha ta dawo gaba, a kan rabin tsohon filin ajiye motoci, shagunan kuma za su zagaye ta ta fuska biyu, ta yadda mai jiran mota zai zauna ne a ƙofar mai shago.

Laraba, 21 ga Mayu, 2025

Watan nan na takardu ne. Takardar mallakar filin ta kasuwanci ce zalla, kuma tunda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, sai an nemi izinin sauya manufa kafin a gina gidan kwana a kansa, haka kuma sai da amincewarsa za a iya jinginar da takardar a banki. Mun shigar da wannan buƙata, mun kuma ɗauki masu nazarin tasirin aiki ga muhalli kamar yadda dokar 1992 ta tanada. Titin na gwamnatin tarayya ne, saboda haka buɗe ƙofa ta biyu da shata wurin tsallakawa suna buƙatar nasu izinin daban. Safiyo ya gano cewa tsohuwar katangar ta ci wani yanki na haƙƙin titi, laifin da muka gada daga waɗanda suka fara ginin, kuma hakan ya ƙara mini hujja a kan mai son a bar ta.

Talata, 17 ga Yuni, 2025

Bayan Babbar Sallah muka tara 'yan haya 23 na ciki da masu sana'a na waje. Kowa ya zo da tsoro iri ɗaya, wato a kwashe su da sunan gyara, in an gama a kira masu kuɗi a ba su wurin, abin da kusan kowane ɗan kasuwa a ƙasar nan ya taɓa gani ko ya ji labari. Bakin alkawari ba zai kawar da wannan tsoro ba, don haka muka rubuta yarjejeniya da Hausa da Turanci, aka karanta ta a bainar jama'a, mai unguwa ya sa hannu a matsayin shaida. Duk wanda muka tarar yana sana'a a wurin a lokacin ƙidayar Fabrairu yana da gurbi a sabon ginin, kuɗin hayarsa ba zai motsa ba har shekara biyu, kuma ƙuri'a za a jefa wajen rabon gurabe domin kada a ce an yi son kai. Kafin nan za mu kafa musu rumfunan kwano na wucin gadi a gefen da ba a aiki.

Mai shayin bakin ƙofa, wanda ya girmi mahaifina, ya kira ni gefe bayan an watse. Ya ce, "Ɗana, ni ba shago nake so ba, shago sai da kuɗin shekara. Ka ba ni inda zan sa tebur, inda direba zai gan ni da asuba." Na ce, "Baba, in sha Allahu za a yi." Maganarsa ce ta sa muka sauya zanen ƙasan fuskar tsakiya, muka tsaga manyan shagunan zuwa ƙanana, muka kuma ƙara dogon baranda mai tebura na kankare da za a riƙa biyan kuɗinsu kullum ko mako-mako. Hajiya mai abinci ita kuma famfo ta nema da magudanar da za ta riƙa zubar da ruwan wanke-wanke, kuma ta yi gaskiya, domin rashin wannan ne ke mayar da gefen kowace tasha kwatami.

Alhamis, 24 ga Yuli, 2025

Maganar kuɗi ta ci mana makonni. Babban Bankin Najeriya ya tsayar da ma'aunin kuɗin ruwansa a kashi 27.5 cikin ɗari tun Nuwamban bara, bashin kasuwa kuwa ya haura haka, kuma babu gidan hayar da zai iya biyan irin wannan a Gombe. Ban da haka ma yawancin masu hannun jarin sun ce ba za su taɓa kuɗin ruwa ba. Muna tattaunawa da wani banki da ba ya mu'amala da riba, a kan tsarin istisna'i, inda bankin zai ɗauki nauyin gina kashi na biyu a kan farashin da aka yanke tun farko, mu riƙa biya a hankali. Kashi na farko, wato tasha da gyaran shaguna, daga aljihun masu wurin zai fito.

Jami'in bankin ya tsaya a kan cewa rage filin motoci zai karya darajar wurin, domin a idonsa gini mai daraja shi ne wanda ake hango jerin motoci a gabansa. Na ajiye masa littattafan yaran a kan tebur. Na nuna masa cewa motar ma'aikacin ofis da rana take buƙatar wuri, ta mai gida kuwa da dare, don haka gurbi ɗaya zai ishi biyun, kuma kowane gurbin mota da hanyar shigarsa yana cin filin da ya kai ƙaramin shago biyu. Mun sauko daga gurabe 300 zuwa 120, aka mayar da su bayan gini. Bai gamsu sarai ba, amma ya yarda ya kai maganar gaba.

Talata, 19 ga Agusta, 2025

Daren Asabar an tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, kuma mun yi ɓarna. Ɓaraguzan fuskar yamma da muka rushe an tara su ne a kusurwar kudu ana jiran tifa, ruwa ya kwashe su ya toshe kwalbatin da ke bayan katanga, sai ya juya ya bi ta lungu ya shiga gidaje huɗu. Da sassafe na isa na tarar da wata tsohuwa tana kwalfe ruwa daga ɗakinta da kwanon sha, katifarta a kan igiya tana ɗiga, buhunan gerun da ta ajiye a ƙasa sun jiƙe sun fara tsami. Ba ta yi mini faɗa ba, sannu kawai ta yi mini, wannan kuwa ya fi faɗan zafi. Laifin namu ne, domin ni na ga tarin ranar Juma'a na ce a bari sai Litinin. Mun je gaban mai unguwa, na ce, "Allah ya ba ka nasara, mu muka jawo, kuma mun zo a faɗa mana abin da ya lalace." An kafa mutum uku suka ƙiyasta asarar kowane gida, muka biya a cikin kwana biyu, muka yashe kwalbatin.

Abin ya tilasta mana sake duban lissafin ruwa gaba ɗaya. Gombe a cikin kwari take, mu kuma muna kan tudun yamma, ƙasar wurin rairayi ce mai saurin zaizayewa, kuma duk ruwan da rufinmu da daɓenmu suka ƙi shanyewa gangarawa yake yi da ƙarfi ya faɗa kwazazzaban da suka riga suka ci gidaje a unguwannin ƙasa. Tsohon filin motocin nan, da yake siminti ne malala guda, ya yi shekaru yana aika musu da ruwa ba wanda ya lura. Yanzu an yanke cewa ruwan rufi zai bi bututu ya shiga tankin ƙarƙashin ƙasa, a riƙa amfani da shi wajen banɗakunan tasha da ban ruwan itatuwa. Daɓen tasha da na masu tafiya da ƙafa za a yi shi da bulo mai haɗe-haɗe a kan yashi da tsakuwa domin ruwa ya riƙa nutsewa, kuma za a haƙa ramukan tsotse ruwa a kusurwar kudu, ta yadda abin da zai fita ta kwalbati ba zai kai na da ba. Wannan ya ƙara kuɗin kashi na farko, kuma babu wanda ya yi gardama a kai bayan an ga hotunan lungun.

Talata, 16 ga Satumba, 2025

Zanen gidajen ya dawo karo na uku. Na farkon da aka kawo kamar an kwafo shi ne daga wata ƙasa, ƙofar kowane gida tana kallon tasha, baƙo na shiga sai ya tsinci kansa a tsakiyar iyali. Mun nemi mata takwas daga cikin masu sha'awar kama haya, malaman makaranta da ma'aikatan jinya da matan 'yan kasuwa, wata abokiyar aikinmu ta zauna da su ba tare da maza ba, suka yi wa zanen fiɗar akuya. Sakamakon haka ƙofar gidajen ta koma ta lungun baya, daban da ta kasuwa, kowane gida ya samu ɗan falon baƙi a bakin ƙofa mai zaman zaure, an faɗaɗa kicin an ba shi baranda ta shanya da daka, an kuma rufe barandun da bulo mai huji domin iska ta shiga ido bai shiga ba. Sun nemi tsakar gida ta yara da za a riƙa hango ta daga tagar kicin, aka ba su.

Ginin zai tsaya a hawa huɗu domin kada mu dogara da lifta a inda wuta ba ta da tabbas. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu, wa'adin kuma ya riga ya cika, saboda haka an ware gidajen ƙasa ga tsofaffi da masu keken guragu, kuma babu inda za a hau tasha ko baranda sai da gangara a gefen matakala. Rufin rumfar tasha zai ɗauki faifan sola na fitilu da famfo, ganin cewa tun Afrilun 2024 masu layin Band A, wato rukunin da aka yi wa alkawarin wutar awa 20 ko fiye a rana, suka ga kuɗin wutarsu ya ninka fiye da sau uku. Ruwan sha kuwa za a jawo daga bututun da ke kawo na Dadin Kowa, a ƙara da rijiyar burtsatse, kodayake masu haƙa sun ce ruwa yana da nisa a wannan tudu.

Alhamis, 9 ga Oktoba, 2025

Izinin ƙofa ta biyu ya fito, kuma yau katafila ta kwantar da katangar gaba. Aikin bai kai awa uku ba. Alhaji ya zo da kansa ya tsaya a tsallaken titi, ya ce tun da aka gina wurin bai taɓa ganin fuskarsa daga nan ba. Masu gadi sun nuna damuwa kan tsaro, muka ce za a sa fitilu da turakun ƙarfe masu hana mota hawa baranda, kuma gidajen za su samu tasu ƙofar mai gadi. An tsince bulon da bai fashe ba za a yi banɗakunan tasha da shi.

Talata, 18 ga Nuwamba, 2025

Kwana goma ke nan da fara gwajin tashar, kafin a kammala rumfa. Motocin dogon zango sun shiga tun ranar farko, Sarkin Tasha ya kafa teburinsa, kuma Ciyaman ya cika alkawarinsa game da 'yan kamasho, yanzu a bakin mota suke tsayawa. Baba mai shayi ƙuri'a ta ba shi tebur na uku daga ƙofar shiga, ya ce ya fi na biyu domin hayaƙin mota bai kai nan ba. Mutum tara sun zo neman shago a fuskar gabas a cikin makon nan, ciki har da mai kemis da mai gyaran waya da wata mai ɗinki, alhali a duk bara ba a samu ko ɗaya ba.

'Yan Napep ne ba su gama shiga ba. Masu zuwa daga cikin gari suna shiga, amma masu komawa suna tsayawa a tsallake kamar da, domin shiga tashar yana nufin su yanke titi sau biyu, kuma ban ga laifinsu ba. Har yanzu izinin shata wurin tsallakawa da tudun rage gudu bai fito ba, ma'ana matar da na gani lokacin ƙidaya, in ta dawo gobe, za ta sake tsayawa a gefen kwalta. Mun rubuta takardar tuni, mun haɗa da buƙatar a ba mu damar yin ɗan wurin tsayawar Napep a wancan ɓangaren da kuɗinmu, kuma kafin amsa ta zo ƙungiya ta ba da mutum biyu masu riga mai ƙyalli suna tsallakar da mutane safe da yamma. Tirelar siminti ta farko daga Ashaka za ta iso ranar Alhamis domin harsashin rumfa, yaran ƙidaya kuma za su koma bakin aiki ranar Litinin da sababbin littattafai, wannan karon biyu daga cikinsu a tsallaken titi za su zauna.